Ranar da waya ta riga ni zuwa Indabo

Ni ce na hana a sayo wa yara babbar waya a gidanmu har tsawon shekara biyu. Mahaifinsu yana da tasa, amma a aljihunsa take wuni. Sai da babbar 'yarmu ta shiga aji uku na ƙaramar sakandare, malamai suka fara turo aikin gida ta waya, sannan na sauko. Aka sayo guda ɗaya ta hannu, aka ce ta yara ce, ni kuma na ce a ɗakina za ta zauna.

Karatuna a firamare ya tsaya, amma ina karanta Hausa sarai. Na sami bayan tsohuwar kalanda na rubuta dokoki da biro, na manna a ƙofar ɗakina. Kada a amsa wa wanda ba a sani ba. Kada a tura wa kowa hoton kai. Kada a faɗi unguwarmu. Kada a zagi mutum ko da shi ya fara. Kada a yi dariyar naƙasar wani. Kada a tura labarin da ba a tabbatar gaskiya ba ne. Duk sanda na ji wani sabon abin tsoro a rediyo ko a gidan suna, sai na dawo na ƙara layi, har takardar ta cika na koma rubutu a gefe. Yaran suka sa mini suna mai gadi. Mahaifinsu ma idan ya dawo daga kasuwa yakan ce a gaida mai gadi, yau ɓarayi nawa aka kama. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Idan yarinyar tana riƙe da wayar, ina kusa da ita ina tsintar wake, ido ɗaya a faranti, ido ɗaya a hannunta. Shekararta goma sha huɗu a lokacin, kuma ban taɓa kama ta ta karya ko ɗaya daga cikin dokokin ba.

Ina da yaya mace a Indabo. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi mini kayan ɗaki. Mijinta ya rasu da daɗewa, ya bar ta da 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya. Namijin tun yana ƙarami ta kawo mini shi Wudil ya koyi aikin kafinta, a gidana ya girma, har ya zama shi ake nema idan za a yi rufin kwano. Shi ya saya wa uwarsa babbar waya, ya saka ta a guruf ɗin danginmu don ta riƙa ganin hotunan jikokinta. Yaya ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Hoto take gani, murya take ji, rubutu kuwa sai a karanta mata.

Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗowa yana watsewa, kowa yana gaggawar rufe gininsa kafin ruwa ya sauka. Da hantsi ɗan Yaya ya faɗo daga saman wani bene da suke rufewa. Kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa.

Maigidana ne ya zo ya gaya mini, kuma ya gaya mini ne kamar yadda ake yi. Ya shigo, ya nemi ruwa, ya ce na zauna, ya fara da cewa duk abin da muke riƙe da shi aro ne. Kafin ya kai ga maganar na riga na gane, amma ina zaune, bayana a jikin bango, ga mutum a gabana. Haka muka taso muka ga ana yi. Ba a jefa wa uwa labarin mutuwar ɗanta. Mutum ake tashi takanas ya je ya ce mata jikin wane ya yi tsanani, ta zo. A hanya zuciyarta za ta yi ta auna maganar. Idan ta iso ta ga takalma a ƙofar gida, sai tsofaffi su tare ta, su zaunar da ita, su ba ta ruwa, sannan wadda ta fi kowa shekaru ta faɗa mata. Kamar sauke tulu ne daga kan mutum, hannu biyu ake sa masa, ba a sakinsa.

Aka tsayar da cewa bayan la'asar za a yi jana'iza, kuma dole uwarsa ta gan shi ta yi masa addu'a kafin a fita da shi. Ni aka ce na je na taho da ita. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta saba da irin wannan rana, ita za ta jira mu a gida ta yi maganar.

Ni mutum ce mai tsoron ƙarya. Ko a ciniki ba na iya cewa an taya mini abu idan ba a taya ba. Don haka tun ina ɗaura mayafi nake shirya kalmomin da zan faɗa, waɗanda babu ƙarya a cikinsu ko ɗaya. Ya faɗo daga kan gini. An kai shi asibiti. An ce ki zo yanzu. Duk ukun gaskiya ne. Na ce wa yaran su share tsakar gida, su shimfiɗa tabarmi, su aro butoci. Na koma na duba ko na kashe risho, na sake komawa na rufe randa. Wayar tana kan gadona a fili, na wuce ta sau biyu, ban ce komai a kanta ba. Har yau idan na tuna na koma don murfin randa, sai na ji kamar na mari kaina.

A motar haya na tafi. Duk hanya ina maimaita kalmomin nan uku. Ƙaramar wayata mai maɓalli tana ta ƙara a jaka, na ƙi ɗauka don kada muryata ta karye a cikin mutane.

Na sami Yaya a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, da kwaryar gyaɗar iri a gabanta, amma ba ɓara take yi ba. Wayar ce a cinyarta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta katse ni.

"Gara da Allah ya kawo ki. Tun ɗazu hoton yaron nan yake ta shigo mini, wannan ya turo, wancan ya turo. Mutum uku na miƙa wa su karanta mini, duk yau suka makance. Matar maƙwabcina wai idonta ke ciwo. Mai shago wai bai zo da tabarau ba, shi da ban taɓa ganin shi da tabarau ba. Ko mata ya samu kuke ɓoye mini?"

Tana dariya ta miƙo mini wayar.

Hotonsa ne na Sallah, da farin yadi, a ƙofar gidanmu. A ƙarƙashinsa an rubuta salatin rasuwa da harafin boko, sannan aka ce Allah ya yi wa yayanmu rasuwa yanzun nan, ya faɗo daga kan gini, a saka shi a addu'a. Lambar da ta fara turowa ta wayar gidana ce. A ƙasa kuma ƙanina, magidanci, ma'aikacin gwamnati, ya sake turo hoton ya ƙara da lokacin jana'iza. Daga nan amsoshi suka jeru, manya da yara, har da waɗanda suka aurar da 'ya'ya.

Kalmomina uku suka tashi a banza. Ba labari aka tambaye ni ba, karatu aka ba ni. Na duba gidan, babu kowa sai mu biyu da awaki. Babu tsohuwa, babu mai riƙe ta idan ta faɗi, ga ta da hawan jini. Na ce mata an rubuta ya faɗo daga gini, yana asibiti, a yi masa addu'a. Ta ce rubutun ai ya fi haka yawa. Na ce sauran duk masu yi masa fatan sauƙi ne.

"Dube ni," in ji ta. "Yana da rai?"

Na dube ta. Na ce, "Yana da rai, Yaya."

Na kashe wayar na jefa a jakata, na ce cajinta ya kusa ƙarewa, za mu sa a gida.

A nan na yi ɓarnar da ban san na yi ba sai daga baya. Maganar da iyayenmu suke faɗa, cewa jiki ya yi tsanani, ba ta ba wa mutum fata. Tana barin sa ne ya fara shiri. Tawa maganar kuwa fata ta ba ta. Yaya ta miƙe da ƙarfinta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar man shanu da zuma, ta ƙulla garin kunu a leda. Ta ce idan karaya ce kada mu yarda a sa masa siminti, akwai mai ɗori a Utai da hannunsa yake da kyau. Ta ce ta sha gaya masa ya bar wa yaransa hawa sama, ba ya ji, bari ya warke ta ja masa kunne. Ina tsaye ina riƙe mata ledar.

Muka sami mota a bakin hanya, muka zauna a baya. Tana jan carbi, tana roƙon Allah a fili ya tashi kafaɗunsa, matan da ke kusa da mu suna amsa mata da amin. Ni ina ƙirga itatuwa, ina cewa a raina saura kaɗan, Allah ka kai mu ƙofar gida kawai.

Mun yi fiye da rabin hanya, a wata mahaɗa da ake sayar da mangwaro, direba ya tsaya ya ɗauki wani dattijo da buhunsa. Ya shigo gaba, ya yi sallama, ya waiwayo don gaisawa, sai ya gane Yaya. Ya gyara zama, ya sassauta murya, ya yi abin da duk mai tarbiyya zai yi.

"Hajiya, ya haƙuri? Na gani a waya ɗazu. Yaron kirki, shi ya rufa mini shago bara. Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana."

Babu wanda ya ce amin. Direban bai ma tashi motar ba. Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta zauna a ƙasa a gefen titi, cikin ɓawon mangwaro da ƙuda, kwalbar man shanun tana hannunta. Mutane suka taru a kanta, baƙi, babu wanda ta sani. Dattijon ya tsaya yana ta ba da haƙuri, yana cewa ya ɗauka tunda har ya shiga waya ai uwa ta daɗe da ji. Ban ga laifinsa ba, a lokacin ko yanzu. Na ga wani ya ɗaga waya zai ɗauke ta hoto, na yi kansa da faɗan da ban san na iya ba, ya sauke. Na durƙusa zan kama ta, ta janye hannunta.

"Na ce ki dube ni," ta ce, "kika dube ni."

Abin da ta faɗa mini ke nan a ranar. Matan motar ne suka ɗaga ta suka mayar da ita ciki. Mun iso kafin la'asar, ta gan shi, ta yi masa addu'a, aka fita da shi. Tsohuwar da ta shirya magana tun hantsi ba ta sami abin faɗa ba, sai ruwa ta miƙa. Kwana bakwai Yaya ta yi a Wudil, a ɗakin tsohuwar nan ta kwana, ba ta taka ɗakina ba.

Washegari da safe na kira 'yata ɗaki na rufe ƙofa. Na tambaye ta wa ya aike ta. Idonta a kumbure, don ita ma ta yi kuka fiye da kowa, shi ne yake kai ta makaranta a babur idan ta makara. Ta ce babu wanda ya aike ta. Ta ce a ajinsu duk wanda aka yi wa rasuwa haka yake yi, mutane su yi ta addu'a, ita so take addu'a ta yi masa yawa kafin a rufe shi. Sannan ta nuna takardar da ke jikin ƙofa, ba da rashin kunya ba, da gaske take tambaya.

"Umma, wacce na karya? Ba ƙarya na rubuta ba. Ban zagi kowa ba. 'Yan uwa kawai na tura wa."

Na bi layukan da ido har na gefe. Babu wadda ta karya. Wannan ya ƙara mini wuta, don na ga shekara guda na yi ina gadin ƙofar da ɓarawo zai shigo, ban taɓa tunanin abin da zai fita daga cikin gida da kyakkyawar niyya ba. Na ce mata ba kowace gaskiya ce taki ba. Labarin nan yana da mai shi, kuma mai shi tana zaune a Indabo tana ɓarar gyaɗa ba ta sani ba. Na sa ta lissafa mini da bakinta waɗanda ya kamata su ji kafin kowa. Ta ce uwarsa. Ta ce 'yan uwansa mata. Da ta zo kan ƙaramarsu, wadda take da tsohon ciki a lokacin, sai ta tuna ita ma tana cikin guruf ɗin. Na ce mata daga yau kafin ta tura komai game da wani, rasuwa ko haihuwa ko ciwo ko saki, ta tambayi kanta na waye, kuma shi ya ji ko bai ji ba. Na karɓe wayar na kulle a akwati.

Amma ita yarinya ce. Fushina na gaske yana kan manya. A zaman makoki na aika aka kira mini ƙanina zuwa soro, na tambaye shi me ya sa ya sake turawa. Ya ce ai ya ga an riga an saka, shi lokacin jana'iza kawai ya ƙara don mutane su samu lada. Na ce to me ya hana shi kiran Yaya ya gaya mata. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce haba, wa yake kiran uwa a waya ya faɗa mata irin wannan. Na ce masa ashe bakinka ya san kunya, ɗan yatsanka ne bai sani ba. Ya ce zamani ne, yanzu labari ba ya jiran kowa, na rage ɗaukar komai da zafi. Mutum nawa ne suka ga saƙon nan a minti na farko, duk sun san Yaya tana ciki, duk sun san ni ina hanya. Da mutum ɗaya ya kira gidana ya ce wa yarinyar ta goge, da ta goge. Babu wanda ya yi. Kowa ya rubuta addu'arsa ya tura gaba, ya ji ya sauke nauyi. Maigidana ya ce na bar maganar, gidan makoki ne. Na bari a baki.

Bayan arba'in na ɗauki 'yata muka tafi Indabo ba da haƙuri. Gyaɗar irin da na tarar a kwarya har ta tsiro a bayan gida. Yaya ta karɓe mu, ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma irin wadda ake shimfiɗa wa baƙi, ta yi mini gaisuwa doguwa, ta tambayi kowa da kowa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta durƙusa tana kuka ta faɗi abin da ta yi. Yaya ta jawo ta jikinta, ta share mata fuska da gefen zani, ta ce ita ba ta yi mata komai ba, abin da ya faru ta rubuta, kuma ta san don ƙauna ta yi.

Sai ni ma na durƙusa. Na ce mata tsoro na ji, babu kowa a gidan, ga ciwonta. Ta saurare ni har na gama.

"Na yafe miki saboda Allah," ta ce. "Amma daga ƙofar nan har mahaɗar can ina roƙon Allah ya ba wa gawa lafiya, kina zaune kusa da ni kina ji. Da kin ce ba za ki iya karantawa ba, kamar sauran, da na gane."

Ta tashi ta kawo mana fura.

A mota muna dawowa 'yata ta ce, a hankali, tunda Inna, haka take kiran Yaya, ta ce ba ta yi laifi ba, ko za a mayar mata da wayar. Na ce mata yafiyar Inna daban, abin da ta aikata daban, kuma ita ta sa wannan rubutun a hannuna a gidan da babu kowa. Amma a raina na san ba ita ta buɗe bakina na ce yana da rai ba.

Na mayar mata da wayar da aka koma makaranta, saboda aikin gida. Yaya ba ta sake kwana a gidana ba. Idan ta shigo Wudil ganin likita, ta biyo ta gaishe mu a tsaye ta wuce. Yarinyar take aiko wa saƙon murya, kusan kowace Juma'a, ta tambaye ta karatu, ta sa mata albarka, a ƙarshe ta ce ta gaida mutanen gida. 'Yata takan kawo mini na saurara. Ni yanzu ina cikin mutanen gida.